Dodannin teku a wasan tebur: lacca ga masu jan wasa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu zan taɓa a kan dodannin teku a wasan Dungeons & Dragons, wasan da mai jan wasa ke ba da labari, sauran kowa yana juya jaruminsa ana jefa 'yan lido: asalinsu, jirgin da ake faɗan a kansa, dokokin ruwa, sai kuma sauran dodannin. Duk lambar da zan faɗa ta bugu na biyar ce, na 2014, kada mai riƙe da sabon bugu ya tare ni a ƙofa.

Na farko, asali, a taƙaice. Kraken, ƙaton dodon teku mai dogayen hannuwa, ya girmi wasan nesa ba kusa ba, don wasan a 1974 ya fito a Amurka, shi kuwa labarin matuƙan jirgin Norway ne. Wani bishop na garin Bergen, Erik Pontoppidan, ya rubuta shi a littafinsa na tarihin halittun Norway wajen 1752, ya ce kewayen bayansa ya kai mil ɗaya da rabi, har a ɗauka tsibiri ne. Dabbar da ake ganin ita ta haifi labarin ita ce ƙaton sukwid, wata dabbar teku mai taushin jiki da hannuwa da yawa, mai kaiwa mita 12 ko 13, kuma sai a 2004 masu bincike na Japan suka fara ɗaukar hotonsa da rai a zurfin teku. Hannuwa takwas gare shi da wasu dogaye biyu, goma ke nan. Ku riƙe goman nan, za mu dawo kanta.

Na biyu, jirgi. Nan ne maganar take. Ku ɗauki biro mu yi lissafi tare, don yawancin masu jan wasa ba sa yin lissafin nan sai jirgi ya nutse musu a gaban jama'a. Kraken a Monster Manual, littafin dodannin wasan, makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai sha kafin ya mutu, 472 ne. Kowa idonsa na kan 472. Ku bar 472, ku dubi jirgin. Jirgin ruwa mai filafilai makinsa 300. Bugun hannu ɗaya na dodon nan, 'yan lido uku masu fuska shida a ƙara 10, matsakaici 20 ke nan. Amma an ba shi wata baiwa: duk abin da ya daka na katako ko gini, ɓarnar ninki biyu ce. Ya zama 40. Yana bugu uku a lokacinsa, 120. Sannan yana da damar ƙarin motsi uku a tsakanin lokutan 'yan wasa, in ya kashe su duka a bugu, wani 120. Nawa ke nan? 240 a zagaye ɗaya. Kuma ba ya kuskure, sai in ɗan lido mai fuska 20 ya faɗi a kan 1. Zagaye ɗaya sakan shida ne a cikin labari. Wato zagaye biyu, sakan 12, babu jirgi. Sakan 12! Ko takalmi ba ka gama ɗaurewa ba. (dariya)

Kun ga inda matsalar take? Ka yi mako uku kana zana jirgi, ka raɗa wa kyaftin suna, ka ba mai dafa abinci gurguwar ƙafa da labarin ƙuruciyarsa, dodo ya zo ya mai da shi itacen girki kafin mai sihiri ya buɗe baki. In kuma ka ji tausayi ka sa dodon ya ƙyale jirgin yana bugun mutane kawai, 'yan wasa ba yara ba ne, za su gane ana lallaɓa su, tsoron ya fita. Tsoro kuwa shi ne kayan da ka kawo kasuwa.

To me za a yi? Ka fara tambayar kanka me dodon ya zo nema. Kraken na wasan nan ba dabba ba ce mai yunwa kawai, makin hankalinsa 22 ne, ya fi na galibin masu sihirin da ke teburin. Mai hankali irin wannan, in wani akwati yake so a cikin jirgi, ba zai nutsar da jirgin ya bi tarkace yana lalube ba. Zai riƙe jirgin, ya karya sandar filafilai kada ya gudu, ya zura hannu yana neman abinsa. Shi ke nan, ka samu dalilin da jirgi zai kai zagaye biyar ko shida, kuma dalilin yana cikin labari.

Sai goman da na ce ku riƙe. Wannan ba ya cikin littafi, dabara ce ta tebur: ka raba dodon. Kowane hannu ka ba shi maki 45 nasa na kansa, ka fito da huɗu ko biyar a kan jirgi, gangar jikin na ƙasa ba a ganinta. An sare huɗu, ya janye. Amfaninsa, mai takobi ya samu abin sara. In ba haka ba dodon na iya zama cikin ruwa ya miƙo hannu ƙafa 30, jirgin kuwa faɗinsa ƙafa 20, babu maɓoya, mai takobi yana tsaye kamar wanda ya zo biki ba a san shi ba. Kuma kowane hannu ka ba shi aiki: wannan ya naɗe sanda, wannan ya ɗauki ma'aikacin jirgi, wannan yana fasa katako. 'Yan wasa ba za su iya tare duka ba, dole su zaɓa, gardama ta kaure a tebur. Gardamar nan ita ake nema.

Ka kuma zana gida shida a takarda, a gaban kowa, kada ka ɓoye. Kowace ɓula a jikin jirgi tana cika gida ɗaya a kowane zagaye. Wanda ya bar faɗa ya je kwarfar ruwa ya goge ɗaya, wanda ya toshe ɓula ya tsai da ita. Gida shida sun cika, jirgi ya tafi. A gaban kowa, na ce. Ruwan da ba a ga hawansa ba bai tsorata kowa.

Na uku... a'a, na wuce na uku ne? Ban wuce ba. Dokokin ruwa, da sauri, ana nuna min agogo. Numfashi bai cika kashe kowa ba: minti ɗaya ne a ƙara lambar ƙarfin jiki, mai +2 yana da minti uku, zagaye 30, an gama faɗa tuni. Abin da ke kashe wasa shi ne nisa. Dodon na jifa da mutum ƙafa 60. Iyo rabin tafiya ne, ƙafa 15 a zagaye, wato zagaye huɗu, ko biyu in ya bar komai ya sa gudu. Mutum ya zauna rabin sa'a yana danna waya. Ka tanadi igiya, ganga mai yawo, ƙaramin kwalekwale, ko ka ba shi ma'aikatan jirgi uku ya juya su kafin ya dawo. A cikin ruwa kuma wuƙa, mashi, gajeren takobi da mashi mai baki uku ne ke aiki sosai, sauran sai ka jefa ɗan lido sau biyu ka ɗauki ƙarami. Wuta rabin ɓarna take yi. Kunkurun dodo, wani dodon tekun mai fesa tururi, mai maki 341, shi tururinsa ruwa bai rage masa komai... Na'am, Malama?

Daga cikin masu sauraro: Malam, to in ya haɗiye mutum fa, an gama da shi ke nan?

A'a, Malama, da saura, amma akwai wuya. A cikin cikinsa mutum ba ya gani, ba ya motsawa daga inda yake, kuma ruwan ciki na cin sa 'yan lido 12 masu fuska shida kowane zagaye, wajen 42. Hanyar fita ita ce ya yi wa dodon ɓarnar 50 daga ciki a lokaci ɗaya, ba a tara na zagaye biyu. Ko ya yi, dodon zai jefa ɗan lido mai fuska 20 neman 25 don kada ya amayo shi, ana ƙara masa 14, wato 11 ta ishe shi. Rabi da rabi ke nan. Shi ya sa in za ka haɗiye wani, haɗiye mai bugu da nauyi, kada ka haɗiye mai warkarwa, don shi ba zai taɓa kai 50 ba. Kuma in ya amayo shi, ƙafa 10 kusa da shi zai faɗo, a duk zurfin da dodon ya kai a lokacin. Sai ka fara ƙirga masa mintocin nan uku, ka duba ko sulken ƙarfe ne a jikinsa.