Wata Ukun Al-Megrahi: Lacca Kan Sakin Fursuna Mai Ciwon Ajali

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka jure zafin rana kuka zo. Abubuwa uku zan taɓo, wato laifin, da dokar da aka yi sakin a kanta, da kuma abin da ya biyo baya. Na baya kuna jina? To, madalla.

A daren 21 ga Disamba 1988, jirgin kamfanin Pan Am mai lamba 103 ya tashi daga Landan ya nufi New York, bom ya tarwatsa shi a samaniyar wani ƙaramin gari na Sikotilan mai suna Lokabi. Mutum 259 da ke cikin jirgin duk suka mutu, sannan tarkacensa ya faɗa kan gidaje ya kashe mutum 11 a ƙasa, jimilla 270. An ɓoye bom ɗin ne a cikin rakoda, aka saka ta a akwati tare da tufafi, kuma guntayen tufafin nan da aka tsinto a saura su ne suka kai masu bincike wani shago a tsibirin Malta. A ranar 31 ga Janairu 2001, alƙalai uku na Sikotilan da suka zauna a ƙasar Holan suka sami Abdulbasit Al-Megrahi, jami'in leƙen asirin Libiya, da laifi, suka yanke masa ɗaurin rai da rai, suka sallami wanda aka gurfanar da su tare. Daga baya aka ce sai ya yi aƙalla shekara 27 kafin a duba batun sakinsa.

Na biyu shi ne dokar, kuma a nan zan roƙi haƙurinku, domin a nan zuciyata take. A 2008 likitoci suka gano yana ɗauke da sankarar prostate, wato ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, irin wadda ta fi kama maza masu shekaru, kuma ta riga ta bazu a jiki. Wata dokar Sikotilan ta 1993 ta ba minista ikon sakin fursuna saboda tausayi. Ita dokar ba ta ambaci wa'adi ba. Ƙa'idar aiki ta hukumar gidajen yari ce ta nuna cewa ana iya duba sakin wanda ake ganin kwanakinsa ba za su wuce wata uku ba. Babban likitan hukumar ya rubuta cewa wata uku ƙiyasi ne mai ma'ana, shi kuwa ministan shari'a, Kenny MacAskill, wanda ya je har gidan yarin Greenock ya gana da fursunan ido da ido, ya sake shi a ranar 20 ga Agusta 2009.

Wata uku, jama'a. Ku riƙe wannan, wata uku. Al-Megrahi bai rasu ba sai 20 ga Mayu 2012, wato ya ƙara shekara biyu da wata tara cur a gidansa a Turabulus. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a cikinmu ya san yadda abin yake: likita ya ja ku gefe ya ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a, a kira 'yan uwa na nesa su zo a yi bankwana, sai ga tsohon bayan mako biyu ya tashi zaune yana tambayar ina furarsa. (Dariya.) Likita yana karanta alamu ne, ba a ba shi littafin ajali ba.

To amma ku duba abin da ya faru da mutane. Duk watan da ya wuce mutumin nan yana numfashi, sai fushi ya ƙaru a Amurka da Birtaniya, jaridu suna ƙirga masa kwana kamar mai bashi. Ni wannan shi ne ya fi damuna a duk lamarin. Idan hujjar sakin ita ce tausayi, to tsawon kwanan da ya samu bai rushe hujjar ba, tunda ciwon na gaske ne kuma shi ne ya kashe shi. Idan kuwa hujjar ita ce tabbacin zai mutu a kan lokaci, to ciniki aka yi da shi, an ba shi ƙofa a kan ya biya da ransa cikin kwana casa'in, ya kuwa saɓa alkawari. Ba na jin akwai gwamnatin da za ta yarda ta furta hakan da bakinta, amma fushin da aka yi shi ya furta mata. Na maimaita, domin na ga wasu suna rubutu: ƙa'idar wata uku ta ɗora wa likita nauyin da ya kamata ɗan siyasa ya ɗauka da kansa. Maimakon minista ya ce na ga ya dace in tausaya, sai ya sami takardar asibiti ya jingina da ita, ranar da takardar ta karye kuwa sai hukuncin ya zama kamar yaudara.

Kuma ba afuwa aka yi masa ba, a lura. Ya fita ne yana mai laifi a idon doka, a kan sharaɗi, har aka ɗora wa wata ƙaramar hukuma ta kusa da Glasgow, inda iyalinsa suka taɓa zama, alhakin bibiyarsa ta waya da bidiyo. Ku ƙaddara jami'in ƙaramar hukuma yana neman layin Turabulus a 2011, lokacin da ake ruwan wuta a garin, don ya ji ko mutuminsu yana kiyaye sharaɗi. (Dariya.)

Ina ne muka tsaya? Na uku, ko na huɗu, lokaci ya ja, zan gaggauta. Saiful Islam, ɗan Gaddafi, ya rako shi a jirgi, aka tarbe shi da murna a filin jirgi har da tutocin Sikotilan, abin da ya ƙona ran iyalan mamata. Shugaba Obama ya ce sakin kuskure ne. An yi zargin cinikin mai, saboda yarjejeniyar da Tony Blair ya ƙulla da Gaddafi a 2007 da kuma kwangilar kamfanin BP, ko da yake MacAskill ya ƙi amincewa da hanyar da yarjejeniyar ta buɗe ta mayar da fursuna ƙasarsa ya ƙarasa ɗaurinsa a can. Sannan kwana kaɗan kafin sakin, Al-Megrahi ya janye ƙarar da ya ɗaukaka, alhali tun 2007 hukumar da ke sake duba shari'o'i ta ce mai yiwuwa an yi kuskure a hukuncinsa. Sakin tausayi bai buƙaci janyewar ba. Dakta Jim Swire, wanda 'yarsa ta mutu a jirgin, yana cikin waɗanda suka yi imani ba shi ne ya aikata ba.

Na ga hannu a can. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya tambaya ko ba a biya diyya ba, kuma idan an biya, me ya rage.)

Allah ya ƙara girma, Baba, tambayar ta fi laccar. An biya. A 2003 Libiya ta karɓi alhakin abin da jami'anta suka aikata, ta amince da dala biliyan 2.7, wato miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci. Sai dai a dokar Sikotilan kuɗin nan bai shafi hukuncin ba, domin ƙasa ce ke tuhuma, iyalai ba su da ikon yafewa ko hanawa, jin ra'ayinsu kawai aka yi. A fiƙihunmu, kamar yadda malaman da ke zaune a gaba suka fi ni sani, kisan kai na ƙisasi haƙƙin waliyyan jini ne, suna iya yafewa ko su karɓi diyya. Amma hiraba, wato tare hanya da firgita al'umma da makami, ba a hannunsu take ba, yafewarsu ba ta sauke hukuncin. Tarwatsa jirgin fasinja kuwa ya fi kusa da hiraba nesa ba kusa ba. Saboda haka ko a ma'auninmu, Baba, diyyar nan ba ita ce za ta buɗe masa ƙofa ba, maganar tana komawa ne ga shugaba, kamar yadda sashe na 175 na tsarin mulkin Najeriya ya ba shugaban ƙasa ikon jin ƙai bayan ya tuntuɓi Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Ko shugaba yana da hurumin sassauta wa muharibi saboda ciwon ajali, wannan na bar wa Malam, idan ya yarda ya karɓi lasifikar bayan salla, don ga shi an fara kira.