Kafin Ka Taɓa Kwamfutar da Ake Zargi

Ga kwamfuta a kan tebur, a kunne, an ce shaidar laifi tana cikinta. Me za ka fara yi? Yawancinmu hannu zai kai ga linzami, mu ce bari mu ɗan leƙa. To, da wannan leƙen ka taɓa shaida. Kwamfuta tana rubuta abin da aka yi a kanta da lokacin da aka yi shi, kuma ko kunna ta kawai aka yi, sai ta sauya fayiloli da dama ba tare da kowa ya sa ta ba. Ranar shari'a lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, wa ya tabbatar ba mai binciken ne ya cusa wannan ba?" Shi ya sa abin da ake fara koya wa ɗalibin fannin binciken shaidar laifi a kwamfuta shi ne kame hannu.

Idan an same ta a kunne, ba a gaggawar zare wuta. Ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM tana riƙe da manhajojin da ke aiki, wani lokacin har da mabuɗin faifan da aka kulle, kuma wuta na ɗaukewa shi ke nan, sun tafi. Ita ake fara kwashewa, ana yi ana rubuta kowane mataki. Waya kuwa, jakar Faraday ake jefa ta, mai toshe sigina, don kada wani ya goge ta daga nesa.

Sai faifan ajiya. Akwai wani ƙaramin akwati da ake sawa tsakaninsa da kwamfutar mai bincike. Aikinsa ɗaya ne: ya bari a karanta, ya hana a rubuta. Ta cikinsa ake ɗaukar kwafin faifan ɗungurungum, har da wuraren da kwamfuta ke cewa babu komai, da manhaja irin su FTK Imager. Daga nan a lissafa wa faifan da kwafinsa lambar tantancewa. Ta SHA-256 tana fitowa da haruffa da lambobi 64, kamar zanen yatsa. Ka sauya wasali ɗaya a fayil ɗaya, lambar ta birkice gaba ɗaya. In biyun suka dace, sai a rufe na asali, a rubuta wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa, a ci gaba da aiki kan kwafi.

Me ya sa ake wahalar kwashe wurin da babu komai? Saboda gogewa ba ƙonewa ba ce. A faifai mai juyawa, sunan fayil kawai ake cirewa daga jeri, shi kansa yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Faifan SSD, wanda ba ya juyawa, dai ya fi rowa, yakan share da kansa.

Ga misalin abin da fayil ɗin da aka goge zai iya tonawa. Dennis Rader ya kashe mutum 10 a jihar Kansas ta Amurka tsakanin 1974 da 1991, ba a kama shi ba. A 2005 ya tambayi 'yan sanda ko ana iya gano mutum ta faifan filofi, wato ƙaramin faifan ajiya na da, suka amsa masa ta jarida cewa ba matsala. Sai ya aika da faifan filofi gidan talabijin. A ciki aka tono wata takardar Word da ya goge, ɗauke da sunan cocinsu, da sunan wanda ya gyara ta na ƙarshe: Dennis. Ranar 25 ga Fabrairu aka cafke shi.

Kana son gwadawa? Autopsy, manhajar irin wannan bincike, kyauta ce. Ɗauki tsohuwar filashinka, taka ta kanka ba ta wani ba, ka zuba hotuna biyar, ka goge uku, ka ɗauki kwafinta, ka lissafa lambar, sannan ka ga nawa za ka iya dawo da su.