Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Bauchi, daga Kwamitin Iyaye da Malaman Makarantarmu ta Firamare

Mai girma Kwamishinan Ilimi da 'yan rakiyarsa, mai girma Hakimi, dagatai da masu unguwanni, limamanmu da fastocinmu, iyaye mata, malamai, 'yan makaranta, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. Aikinka ya riga ka isowa garin nan, don haka ba za mu tsaya lissafa shi ba. Mun san zaman ofis bai hana ka shiga ƙauye ba, ga shi kuwa ƙurar hanyarmu tana jikin motarka. Allah ya ƙara girma, ya ja zamanin mai girma Gwamna da ya zaɓo ka.

Kafin komai, Yallaɓai, za mu faɗi abin da ke cinmu, kada gajiya ta kama ka ba mu faɗa ba. Rufi muke roƙo. Iskar farkon daminar bara ta ɗaye kwanon ginin nan da ke bayanka, ajujuwa uku a jere, ta watsa shi cikin gonakin mutane. Har yau sararin sama ne silin ɗinmu, ga shi kuma gabas ta fara haɗa hadari.

Da kwamiti ya zauna rubuta wannan takarda, wani dattijo a cikinmu, tsohon malami, ya ce kada mu kuskura mu yi maganar rufi ba mu tuna wa baƙonmu ko wace ƙasa ya taka ba. Wannan ƙasar Lere ce. A nan Abubakar ɗan Yakubu Ɗan Zala da Fatima Inna ya tashi, wanda duniya ta sani da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutanen Legas da na Landan sun san shi yana Firayim Minista. Mu kuwa Malam Abubakar muka gada a bakin iyayenmu, malamin aji, daga baya hedimasta.

An haife shi a 1912. Ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba. Mahaifinsa yana aiki ne a gidan hakimin Lere. Ya fara da allo kamar kowane yaro na gidan Musulmi, sannan a 1922, yana da kimanin shekara 10, aka sa shi makarantar elementare ta garin Tafawa Ɓalewa. A tuna wane zamani ne wannan. Lokacin nan in an ce Nasara na neman yaran boko, uwa takan cusa ɗanta cikin rumbu, manya da yawa kuma sukan ɓoye nasu su tura 'ya'yan barorinsu. Ana ganin wanda aka ɗauka kamar an yi asararsa. Makarantun ƙauye na wancan lokaci ba su da wani abin a zo a gani: ɗaki, malami, baƙin allo, yara a ƙasa. Amma ɗakin yana da rufi, ranka ya daɗe. Ko na ciyawa ne, En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokaci, takan sa a sabunta jinkar kafin ruwa ya sauka.

A 1925 aka wuce da shi makarantar lardi a Bauchi, wadda daga baya aka riƙa kira Midil. Shekara 3 ya yi a can. Yaron ƙauye cikin 'ya'yan birni, kowa a nan ya san yadda abin yake, don har yau namu in sun je Bauchi sai an yi musu dariyar harshe kafin a ga takardar sakamakonsu. A 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, makarantar horar da malamai da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, wadda a duk faɗin Arewa babu ta biyunta a lokacin. Lambarsa 145. Wato tun da aka buɗe ta, daga Sakkwato har Borno, daga Katsina har Ilori, yaran da suka riga shi shiga ba su kai 150 ba, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne Ahmadu Rabah, wanda ya zama Sardauna. Babu jirgin ƙasa a Bauchi a wancan zamani, dogo bai iso ba sai farkon shekarun 1960, lokacin shi kansa yake riƙe da ƙasar. 'Yan makaranta da ƙafa suke cin galibin hanya, kwana da kwanaki, da ɗan guzuri a ƙunshe.

Shekara 5 ya yi a ginin laka na Kwalejin Katsina. A can aka goge Turancin da daga baya ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Ya fito a 1933, kuma abin da muke so a ji da kyau shi ne inda ya nufa: gida ya dawo. Ya ɗauki alli a Midil ta Bauchi, makarantar da ya zauna a bencinta, ya yi ta koyarwa fiye da shekara 10 har ya zama hedimastanta. A wannan tsakanin ne Malam Aminu Kano ya zo koyarwa makarantar, ga Malam Sa'adu Zungur a gari, aka riƙa zaman tattaunawar nan da ta tayar wa hukuma hankali. Sai a 1945 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo a 1946 yana duba makarantun En'e. Sauran labarin, majalisa da minista da Firayim Minista a 1957 da abin da ya faru a Janairun 1966, ka fi mu saninsa.

To yanzu ga inda abin yake mana ciwo. Jami'a a Bauchi sunansa take ɗauke da shi. Filin wasa, sunansa. Filin jirgin sama, sunansa. Can Legas ma akwai dandali guda da sunansa. Ana kai baƙi kabarinsa su sa hannu a littafi. Ba mu ƙi ba, ya cancanci fiye da haka. Amma irin ɗakin da ya fara koyon a, ba, ca a cikinsa, a ƙasar da ta raine shi, shi ne yau babu kwano. Malamin aji huɗu ya taɓa ɗaga takardar naira biyar ya tambayi yara hoton wane ne. Suka ce Tafawa Ɓalewa. Ya ce mene ne aikinsa na fari? Shiru. Da ya ce musu malami ne, har ya zama hedimasta kamar namu, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi ma a gindin mangwaro yake koyarwa?" Malamin bai ba ta amsa ba, ya kawo mana tambayar wurin taro, mu kuma ga shi mun kawo maka.

Ba zaune muka yi ba, Yallaɓai. Washegarin iskar, matasa suka bi gona gona suna tsinto kwano; wanda bai lanƙwashe ba yana jingine a ofishin hedimasta, ya cinye rabin ɗakin, har sai ya karkata yake isa teburinsa. Mun yi karo-karo bayan kaka, masallaci ya kawo, coci ya kawo, mata masu sayar da ƙosai ma sun sa nasu. Abin da aka tara ya sayi katako kaɗan da ƙusa, kafinta ya duba ya ce ko aji ɗaya ba zai rufe ba. Mun rubuta takarda zuwa ofishin da abin ya shafa har sau uku. Wani ya zo da tef ya auna, ya ɗauki hoto da waya, ya ci tuwonmu, ya ce mako biyu. Ba za mu kama suna ba a gaban baƙo. Bangon da ya sha damina guda a buɗe ya fara tsagewa ta kusurwar yamma, magina kuma sun ce in ya sha ta biyu, ba maganar rufi za a yi ba, sabon gini za a nema.

Yara suna karatu a inuwar bishiya tun daga lokacin. Da rani ana lallaɓawa. Amma da an ga hadari sai a kaɗa ƙararrawa a tashe su, wanda kuwa aka tasa sau biyu sau uku, ubansa yakan ce tunda ba karatun ake ba, zo mu tafi gona. 'Yan mata su ne ba sa dawowa. Rajista tana nan, hedimasta zai buɗe maka ka ga inda jan biro ya yi yawa.

Muna da wasu buƙatu, ba za mu ɓoye ba. Malamin lissafi ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, famfon rijiyar burtsatse ya lalace, benci ya yi kaɗan. Waɗannan za su iya jira, mun saba. Rufin ne ba zai jira ba. Kwano, katako, ƙusa da kuɗin kafinta, shi ke nan. Yashi da ruwa da leburanci namu ne, matasan da za su ɗauki kaya ga su can tsaye bayan rumfa. Mun sa kafinta ya rubuta lissafinsa dalla-dalla, yana manne a bayan wannan takarda.

Ranka ya daɗe, abinci na jira a gidan Hakimi, amma muna roƙon alfarma ɗaya kafin a tashi. Taku ashirin ne daga kujerarka zuwa ƙofar aji uku. A daure a leƙa, a ɗaga kai sama. Allah ya mai da kai gida lafiya, ya sa ka sake zuwa ka same mu a ƙarƙashin kwano.

Mun gode.

Kwamitin Iyaye da Malamai, a madadin jama'ar gari.