Sikeli da Littafi: Yadda Masu Kiwon Mesa Ke Hasashen Ranar Barbara

[Hoto: ƙaramar mesa a dunƙule cikin roba, a kan sikelin kicin]

Jama'a, ku dubi lambar da sikelin nan ya nuna: giram 65. Nauyin jaririyar mesa ke nan, kwana biyu da fitowarta daga ƙwai. Mai ita zai rubuta lambar a littafi, da kwanan wata a gefe, kuma daga wannan layin ne zai fara lissafin abin da zai faru nan da shekara uku.

Ba katuwar mesar da ke haɗiye akuya ba ce wannan. Ƙanwarta ce, wadda masana ke kira Python regius, Turawa kuma suke ce mata mesa ƙwallo, domin idan ta tsorata sai ta cusa kai a tsakiya ta dunƙule. Ba ta da dafi, kuma da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi. Asalinta ƙasashenmu ne, daga Senegal har Uganda, har da Najeriya. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da dubbanta duk shekara zuwa Amurka da Turai a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma a can ne kiwonta ya zama sana'a sosai, musamman bayan da wani Ba'amurke mai kiwon macizai, Bob Clark, ya samar da zabiyarta ta farko a hannun mai kiwo a 1992.

To me ya sa sikeli? Domin maciji ba ya kuka, ba ya ɗingishi. Akuya idan ba ta da lafiya za ka gani da safe. Mesa kuwa tana iya yin wata biyu tana ramewa ido bai lura ba. Sikeli ne bakin da take magana da shi.

[Hoto: hannu yana ɗora roba, yana mayar da sikeli sifili]

Awon kansa ba wuya. Ka ɗora roba mai murfi, ka mayar da sikeli sifili, ka sa ta ciki. Abin da ke ɓata lissafi shi ne lokacin da aka yi awon. Kada ka auna ta bayan ta ci. Ka bar ta aƙalla kwana biyu ba ka ko taɓa ta ba, don tana iya amayar da abincin. Mafi kyau a auna kafin ciyarwa, kuma bayan ta yi kashi, saboda babbar mesa takan riƙe kashi makonni, ranar da ta sauke shi nauyinta ya faɗi da giram masu yawa. Wanda bai rubuta "ta yi kashi" ba sai ya ɗauka cuta ce. Sau ɗaya a wata ya isa.

Tsawo kuwa kada ka wahalar da kanka. Wasu suna auna saɓar da ta yar, amma saɓa tana miƙewa lokacin tuɓewa, takan fi macijin tsawo. Nauyi ne abin dogaro.

A littafin, bayan kwanan wata da nauyi, ka rubuta abin da ta ci da nauyinsa, ranar da ta ƙi ci, da ranar saɓa. Ƙarama takan ci ɓera mai kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta, duk kwana biyar zuwa bakwai. Tana girma ana ƙara tazara, har ya kai sati biyu ko fiye.

[Hoto: layin girma a takarda, ya haura da sauri sannan ya fara kwantawa]

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne mafi yawan sababbin masu kiwo ke yaudarar kansu. Girman mesa ba ya tafiya a miƙe. A shekarar farko tana ninka nauyinta sau da yawa. Mutum ya ga haka sai ya ja layi ya ce, ai kafin shekara biyu ta kai. Ina! Daga nan gudun ke raguwa. Masu kiwo ma suna da sunan da suka sa wa abin, katangar giram dubu, saboda mata da yawa idan sun kusa giram 1,000 sai su daina ci, wani lokaci watanni. Ga kuma lokacin sanyi, wanda manya da yawa ke kame baki ko da ɗakin da ɗumi. Ɗabi'arsu ce, kuma muddin nauyi bai zube sosai ba, ba abin tashin hankali ba ne. Idan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100, ko numfashinta na ƙara, a nemi likitan dabbobi.

Abin da mafi yawan masu kiwo ke jira ga mace shi ne giram 1,500 da kimanin shekara uku. Namiji ba ya buƙatar haka. Daga giram 600 zuwa 800, yana ɗan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yakan iya barbara. Shi ya sa mai tsari yake fara sayen mace, namiji ya biyo baya da shekara ɗaya ko biyu.

Mu ɗauki misali. An ƙyanƙyashe ta a Yuni. Yanzu Disamba ce, tana da wata 18, nauyinta giram 900. Ka duba wata huɗun da suka wuce, ka ga ta ƙara giram 200, wato 50 a wata. Saura 600. A takarda, wata 12 ke nan, Disamba mai zuwa. Amma ba ka sa watannin ƙin ci ba. Ƙara uku ko huɗu, sai ka tsinci kanka a Maris ko Afrilu. A Amurka da Turai akan fara haɗa su ne wajen Nuwamba, don haka wannan kakar ta wuce ta, sai ta gaba. Kullum ka yi lissafi da watannin baya-bayan nan, kada ka yi da matsakaicin rayuwarta duka, kuma duk wata uku ka sake shi.

[Hoto: mesa biyu gefe da gefe, ɗaya mai ƙiba da ninkin fata]

Akwai masu ganin wannan jira ya yi tsawo, sai su riƙa ɗura mata abinci don ta kai lambar da wuri. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Sikeli ba ya bambanta tsoka da kitse. Macen da aka ɗura wa abinci ta kai 1,500 a wata 18 jikinta bai nuna ba, kuma irinta ce aka fi jin ta zuba ƙwai marasa ɗa, ko ƙwai ya maƙale mata a ciki, abin da kan kai ga tiyata ko mutuwa. Dabba ce da ke rayuwa shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka, wata mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai bakwai a 2020. Wace gaggawa ake yi da mai irin wannan tsawon rai?

Saboda haka ido ma yana da aikinsa. Idan ƙashin bayanta ya fito kamar tsinin rufin kwano, ta rame. Idan fata na ninkewa inda ta lanƙwasa, kuma wutsiya ta tsuke kwatsam bayan jiki mai kauri, ƙiba ce. Wadda ake so ita ce mai jiki a cike, da ƙarfi a hannu.

Bayan barbara littafin ya koma kalanda. Ranar da tsakiyar jikinta ya kumbura sosai na kwana ɗaya ko biyu, ƙwayayen sun sauka ke nan a cikin jikinta, ba ta zuba su ba tukuna, rubuta ranar. Kimanin sati uku bayan haka za ta yi saɓa. Daga saɓar nan ƙirga kwana 30, ƙwai na tafe, galibi huɗu zuwa takwas. A injin ƙyanƙyasa mai zafin digiri 31 zuwa 32, za su fashe cikin kwana 55 zuwa 60. Da waɗannan ranaku ne za ka san yaushe za ka kunna injin, robobi nawa za ka tanada, da ɓeraye nawa.

Ranar da ta gama zubawa, sake ɗora ta a sikeli. Takan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Idan ba ta mayar da shi ba kafin kaka mai zuwa, a bar ta ta huta shekara guda. 'Ya'yan kuma kowanne a buɗe masa shafinsa: nauyin ranar fitowa, saɓar farko bayan sati ɗaya zuwa biyu, sannan ɓeran farko.

[Hoto: sabon shafi, hannu yana rubuta kwanan wata]