Ba Kowane Dutse Mai Tsini Ne Kan Kibiya Ba

[Hoto: duwatsun Filato bayan ruwa, hannu yana tono cikin tsakuwa]

Jama'a, kun ga bidiyoyin nan da ke yawo. Mutum ya hau dutse, ya tsinci tsakuwa mai tsini, ya ɗaga wa kyamara yana cewa ga kan kibiyar mutanen da. To, a hankali dai.

Wurin nema ba shi da wuya. Bakin kwazazzabo, gindin kogo, gonar da aka yi wa huɗa, tsoffin ramukan kuza. A fita bayan ruwa ya wanke ƙasa. Shi ke nan, mu wuce.

Inda ake tafka kuskuren shi ne tsini. Tsini ba hujja ba ne. Farin dutsen ƙanƙara da ya cika Filato yana fashewa da kansa ya bar baki mai kaifi. Zafin rana da sanyin dare suna ɓare manyan duwatsu falle-falle. Kofaton saniya ma yana aikinsa.

[Hoto: duwatsu biyu a tafin hannu, kusa sosai]

Ku dubi na hagu. Fuska ɗaya a fashe, ɗayar a murje, babu tsari. Yanzu na dama. Juya shi. Kun ga ɗan ƙullutun nan dab da kan? Nan ne aka sauke duka. Idan aka buga dutse da dutse a wuri guda da niyya, ƙarfin dukan yana ratsawa ciki ya bar kumburi, sai layuka masu lanƙwasa suna bazuwa daga gare shi, irin na gindin kwalbar da ta fashe. A saman ƙullutun akwai ɗan fili shafaffe, wurin da gudumar dutsen ta sauka.

Sai baki. A bari hasken ya zo ta gefe, don Allah. Ƙananan gurabe ne a jere, wannan ya hau kan wancan, girmansu kusan ɗaya, gaba da baya. Gurbi ɗaya ko biyu, faɗuwa daga tudu tana iya yi. Amma goma a jere a layi guda? Wannan mutum ne ya zauna, ya ɓata yininsa. Farin ƙanƙara yana da taurin kai, ƙullutun ba ya fita sosai a jikinsa, don haka a kansa jerin guraben za a fi dogara.

Kuma ku rage buri. A kogon Rop da ke Filato, inda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi tono a 1944, yawancin abin da ya fito ƙananan ɓaraguzai ne da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda ake ɗaurawa a jikin itace. Ni a ganina rabin masu neman nan sun sha taka na gaskiya suna rige-rigen ɗaukar na bogi, don na bogin ya fi kyau a hoto.

[Hoto: baƙin gatari mai santsi]

Wannan kuwa kun san shi: gatarin aradu. Kakanni sun ce tsawa ce ke jefo shi. Ku matso da shi ido, za ku ga zanen washi duk ya bi hanya ɗaya zuwa bakin. Goga shi aka yi a kan wani dutse. Mutanen Nok, wata al'ummar da ta zauna a wannan yanki a zamanin da, sun yi amfani da irinsa har bayan sun fara narka ƙarfe.

In kun samu na gaske, ku ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ku ajiye ashana a gefe don a gane girma, ku riƙe sunan wurin. Tono kuwa sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sayarwa ma doka ta hana. Gidan tarihin Jos yana nan tun 1952, ku kai musu hoton.