Me ya sa Amurka ta kasa ƙuntata mallakar bindiga?

A watan Disamban 2012, wani matashi ya kutsa makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut, ya harbe yara 20, 'yan shekara shida da bakwai, da malamai da ma'aikata 6. Bayan wata huɗu aka kawo ƙuduri gaban Majalisar Dattawa: a riƙa bincikar tarihin mai sayen bindiga ko da a kasuwar baje koli ko ta intanet ya saya. Sanatoci 54 cikin 100 suka amince, amma ƙudurin ya faɗi, domin ƙa'idar majalisar tana buƙatar ƙuri'a 60.

Masu kallo, tushen rigimar yana cikin kundin tsarin mulki. Gyara na Biyu, na shekarar 1791, ya ce kada a tauye wa jama'a haƙƙin riƙe makami, amma ya soma da zancen rundunar sa-kai ta farar hula. An daɗe ana jayayya: haƙƙin runduna ne ko na kowane mutum? A 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama, ta ce kowa yana da ikon ajiye bindiga a gidansa don kare kai.

Masu kare wannan haƙƙi, da NRA, babbar ƙungiyar masu mallakar bindiga ta ƙasar, a gaba, suna cewa ɗan fashi ba ya bin doka, don haka ƙuntatawa mutumin kirki kawai take kwance wa ɗamara. Ga manomin da ke nesa da ofishin 'yan sanda, wannan magana tana da nauyi.

Sai dai ku duba alƙaluma. Bindigogin da ke hannun farar hula sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021, sama da mutum 48,000 bindiga ta yi ajalinsu, kuma fiye da rabi kansu suka kashe. Wannan ne ya fi ta da min hankali, kuma shi ne ba a cika faɗa ba: mutum yana cikin ƙuncin da zai iya wucewa gobe, ga makami a aljihun tebur.

Ostareliya ta bi wata hanya. Bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin Firayim Minista John Howard ta haramta bindigogi masu sarrafa kansu, ta saye dubban ɗaruruwa daga hannun jama'a ta lalata.

Amurka kuwa, sai da aka kashe yara 19 da malamai 2 a wata makarantar firamare da ke Uvalde, jihar Texas, a 2022 kafin majalisa ta tsaurara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21. Kwana biyu kafin Shugaba Biden ya sa hannu a kan wannan doka, Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar New York da ta taƙaita yawo da bindiga a bainar jama'a.