Mai Babur a Bakin Famfon Mai

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa gidan mai ne, can gefen da babura ke cincirindo, inda ake jin "zuba min na dubu ɗaya" fiye da "cika min tanki".

Famfon da ake zuba mana mai da shi, da mota a rai aka ƙera shi. A bakin ƙarfen akwai wani ɗan rami da ke shaƙar iska. Da zarar mai ya taɓa ramin, sai famfon ya katse da kansa. Tankin mota na da dogon wuya, sai abin ya tafi daidai. Tankin Boxer ko Jincheng kuwa baki ne kawai a buɗe. Idan mai zubawa ya zura ƙarfen ciki sosai, famfo ya yi ta katsewa tanki bai cika ba. Idan ya ɗaga shi sama don ya ga inda mai ya kai, to babu abin da zai tsayar da shi sai hannunsa, kuma hannun da ya wuni yana sallamar ɗaruruwan mutane ba ya rasa kuskure. Sai mai ya yi ambaliya, ya gangaro kan tanki, ya ɗiga a kan inji da salansar da suka sha zafin hanya. Duk wannan fa, mai babur yana zaune a kai, wani lokacin da goyo a baya, injin ma bai kashe ba, wai kada ya ƙi tashi. Allah dai ya kiyaye, amma a nan laifin namu ne, masu hawa.

Sai batun mita. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Ɗan acaɓa yana sayen mai ne kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana. Duk tsayawar da aka zuba masa ba tare da an mayar da mita sifili ba, ko aka datse masa 'yan ɗigo, kuɗin cefanen gidansa aka taɓa. Mai mota yakan fito ya yi magana a saurare shi. Mai babur kuwa, na bayansa na danna masa oda, sai ya haɗiye ya wuce.

A jihohi irin su Zamfara da Katsina ma, matakan tsaro na 2021 sun hana sayar da mai a jarka, aka kuma taƙaita gidajen da ke sayarwa a wasu ƙananan hukumomi, saboda 'yan bindiga da babura suke yawo. Dalilin a fili yake, sai dai manomin da ke kai amfaninsa kasuwa a babur shi ya ƙarasa a hannun 'yan bumburutu, yana sayen kwalbar da bai san me aka gauraya a ciki ba.

Kiranmu ga masu gidajen mai: ku ware wa babura famfo guda, ku sa ma'aikacin da ba zai zuba ba sai an sauka an kashe inji. Hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur kuma, idan ta fito awon famfuna, ta fara da wanda babura ke layi a gabansa.